Tsire, suya da ƙwan mace: ina gaskiyar maganar take?

Uwar Zaure: Assalamu alaikum. Tun shekaranjiya ake ta turo wani saƙon murya a zauren nan, wai soyayyen nama da tsire suna "ƙone ƙwan mace", har wasu sun ce sun yi sallama da nama gaba ɗaya. Na goge saƙon tunda ba a san mai shi ba, amma tambayar tana nan. Masana da ke cikinmu, bisimilla. Sharaɗi ɗaya ne: ban da tallar magani.

Malamin Kimiyyar Abinci: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar tana da tushe, gishiri ne aka zuba mata har ya yi yawa. Idan furotin, wato abin da ke cikin nama da ƙwai da wake da gyaɗa, ya gamu da sukari a kan wuta, sai su haɗe su ba da launin ja-ja da ƙamshi. Shi ne ɓawon burodi, shi ne ƙamshin da ke tsayar da mutum a gaban mai tsire, shi ne ƙanzon gindin tukunya. Wani Bafaranshe mai suna Maillard ne ya fara bayyana wannan haɗuwar a 1912. A ƙarshenta ana samun wasu sinadarai da ake taƙaita sunansu da AGEs.

Abu huɗu ke ƙara su: tsananin zafi, bushewa, daɗewa a wuta, da rashin tsami. Ruwa komai tafasarsa ba ya wuce digiri 100. Man suya kuwa yana kai 170 zuwa 190, garwashi ya fi haka nesa. Shi ya sa nama ɗaya, farfesu da balangu ba ɗaya ba ne. A 2010 masu bincike a asibitin Mount Sinai da ke New York sun auna abinci iri 549. Sun ga busasshen zafi yana ninka AGEs sau 10 har zuwa 100 a kan ɗanyen abinci. Kazar da aka dafa a ruwa ko aka turara ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na gasasshiya ba. Naman shanun da aka jiƙa awa ɗaya a ruwan lemon tsami ko binega kafin a sa shi a wuta bai kai rabin wanda ba a jiƙa ba.

Kuma ba duk abin da aka ci ne ke shiga jini ba. Kusan kashi 10 cikin 100 hanji ke tsotsa, ƙoda mai lafiya ta fitar da wajen sulusin wannan ta fitsari. Jiki ma yana ƙera nasa, musamman idan sukarin jini ya hau. Gwajin HbA1c da masu ciwon suga ke yi, ai irin wannan mannewar sukari da furotin ɗin jini yake aunawa.

Uwar Zaure: To Malam, ina ruwan wannan da haihuwa?

Likitar Mata: Bari in karɓa daga nan, Malam. A jikin ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwan mace suna renonsa akwai wata 'yar ƙofa da ake kira RAGE. Idan AGEs suka manne mata, sai kumburi na ciki ya tashi, ƙwayoyin su rage jin umarnin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, da na sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna ya fito. Inda aka fi ganin wannan shi ne larurar PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, wadda a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Alamominta: al'ada tana tsallake wata biyu ko uku, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙurajen fuska, wani lokaci ƙiba da baƙin wuya.

Likitocin birnin Atina na ƙasar Girka ne suka fi bin wannan. A 2005 sun nuna AGEs sun fi yawa a jinin masu PCOS, daga baya suka gan su a cikin naman ma'ajiyar ƙwai kanta. Sun ciyar da ɓeraye mata abinci mai yawan AGEs na wata shida, sinadarin maza, wato testostaron, ya hau. A 2014 sun gwada mata 23 masu PCOS, kowane tsarin abinci wata biyu: lokacin cin mai yawan AGEs insulin da testostaron sun hau, da aka koma mai ƙarancinsu suka sauko. A Japan kuma, 2011, an duba mata 157 da ake yi wa dashen ciki na IVF, aka ga waɗanda AGEs suka fi yawa a jininsu da ruwan da ke kewaye da ƙwai sun fi samun ƙarancin ƙwai da raunin girman ɗan tayi. A Melbourne ta Ostareliya, 2018, an samu AGEs da yawa a cikin mahaifar mata masu ƙiba sosai, kuma a ɗakin gwaji sun dagula yadda ɗan tayi ke kama bangon mahaifa.

Wannan shi ne iyakar "ƙonewar". Babu ƙwan da ke ƙonewa. Yanayin da yake girma a ciki ne ke iya lalacewa a hankali, kuma ya fi shafar wadda dama sukarinta ko insulin ɗinta ba daidai ba.

Ɗan Lab: Dakta, ranki ya daɗe, a yi mini afuwa zan ja kaɗan. Mata 23 ba adadi ba ne da za a gina fatawa a kai, kuma homon, wato sinadaran jiki irin su insulin da testostaron, aka auna, ba ciki ko haihuwa ba. Na Japan ɗin ma abin da ke cikin jini aka auna, ba abin da ke cikin kwano ba. Mace mai shekara 40 ko mai alamun suga AGEs ɗinta za su fi yawa ko da farfesu kaɗai take sha, kuma shekarun kansu suna rage ƙwai. Tafiya tare daban, haddasawa daban.

Sannan Malam, jadawalin nan na New York da ake ta yawo da shi, da wani gwaji mai suna ELISA, wanda ba kai tsaye yake auna sinadarin ba, aka yi shi, kuma ya sa man shanu da man girki a sahun gaba. Da aka sake aunawa a Maastricht ta Holan a 2016, abinci 190, da na'urar da ke tantance sinadarin kai tsaye, sai mai ya koma ƙasa can. Waɗanda suka hau sama su ne gasasshiyar gyaɗa, biskit, hatsin kwali na karin kumallo da wasu naman da aka sarrafa. Hankali ma ya ɗauka: mai ba shi da furotin da sukari zai manne wa. Don haka wadda ta bar tsire ta rungumi biskit da cincin ba ta tsira da komai ba.

Malamin Kimiyyar Abinci: Ka yi gaskiya ƙanena, shi ya sa ban kawo lambobin jadawalin ɗaya bayan ɗaya ba. Amma lura: duka hanyoyin biyu sun yarda cewa abu ɗaya idan aka dafa shi a ruwa ya fi ƙarancin AGEs a kan a gasa shi ko a soya har ya bushe. Wannan ɓangaren bai girgiza ba.

Likitar Mata: Na karɓi gyaran. Ba na gaya wa kowa cewa canza girki zai kawo ciki. Abin da nake cewa: ga mai PCOS ko mai alamun suga, canji ne da ba ya cin kuɗi, ba ya cutarwa, kuma ya dace da sauran abin da ake so ta yi.

Sarkin Tukuba: Salamu alaikum malamai. Ku bar ni in kare sana'a, amma da gaskiya. Tsire iri biyu ne. Na asali, ana kafa tsinke a kewayen tukuba, nesa da wuta kamar taƙi ɗaya ko fiye, a karkace, zafi ne ke dafa shi ba harshen wuta ba, kitsen yana gangarowa ƙasa ba cikin wuta ba. Na gaggawa kuwa, a shimfiɗa a kan waya daidai saman garwashi, ana yayyafa mai, man ya ɗiga, wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe naman. Wannan shi ke fitowa da baƙi-baƙi a gefe da ɗaci a maƙoshi. Mai saye ya duba: nagari launinsa ja mai duhu ne ko'ina, ba dabbare-dabbare da gawayi ba.

Sai maimaita ɗumame. Naman da aka gasa da la'asar, duk wanda ya zo a mayar da shi wuta, kafin sha ɗayan dare ya sha wuta sau huɗu ko biyar. Wanda ke so ya rage, ya zo da wuri, ko ya zaɓi ɗanyen tsinke a gasa masa sau ɗaya.

Malamin Kimiyyar Abinci: Madalla Sarki, ka taɓo wani sinadari na daban. Hayaƙin kitsen da ya ɗiga a wuta yana ɗauke da abin da ake kira PAH, irin wanda ke cikin hayaƙin taba. Ɗaya daga cikinsu, benzopayrin, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukuni na ɗaya na masu haddasa ciwon daji. Game da ƙwai kuwa, hujjarsa ta fi ta AGEs ƙarfi, sai dai daga taba ta zo: a 2001 an nuna a jikin ɓeraye yadda PAH ke kunna hanyar da ƙwai ke kashe kansa, kuma mata masu shan taba suna daina al'ada da wuri, da shekara ɗaya ko fiye. Abin da ake samu daga tsinken tsire bai kama ƙafar na mai shan taba kullum ba. Wanda ya fi dacewa a damu da shi biyu ne. Na farko, matar da ke tsugune gaban murhun itace a rufaffen madafi safe da yamma, tana shaƙa. Haka ma mai shaƙar shisha, da wasu ke ɗauka ba taba ba ce. Na biyu, ganda da kai da ƙafa da aka babbake da tsohuwar taya ko roba. In kin ji warin taya, ko kin kankare baƙin yana maiƙo yana manne wa wuƙa, a bar shi. Wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga kitse.

Mai Koyar da Girki: To ni bari in sauko da maganar cikin tukunya, don mata za su ce mun ji, yaya za a yi.

Naman suya, kilo ɗaya: a yanka shi manya kaɗan, kada a yi ƙanana don ƙanana sun fi bushewa. A matse lemon tsami uku ko huɗu, wajen cokali huɗu na cin abinci, a sa albasa, citta, tafarnuwa, a cakuɗa a rufe awa ɗaya a wuri mai sanyi. Mai son nono, kofi ɗaya na kindirmo marar sukari yana yin aikin. Kada a wuce awa biyu da lemon tsami, saman naman zai yi fari ya yi gari-gari. Daga nan a tafasa shi da ruwansa har ya nuna sarai, minti 40 zuwa awa ɗaya gwargwadon dabbar. A tsame, a bari ya tsane, sannan a soya minti uku zuwa biyar, ya yi launin zuma kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kasko: zafin mai ya faɗi, nama ya saki ruwa, sai a ga bai yi ja ba a bar shi minti ashirin. A riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Kuskure na biyu, sa zuma ko sukari ko miyar kwalba mai zaƙi a jiƙon nama. Kin ba wa wuta abin da take nema kenan. In ana son zaƙin, a shafa bayan an sauke.

Ƙwai: dafaffe ya fi, sai wanda aka juya a wuta kaɗan-kaɗan yana da laushi. Wanda gefensa ya yi ƙayau-ƙayau kamar leshi shi ne na ƙarshe. Wake: alala da ɗanwake a gaba da ƙosai. Kifi: farfesu ko a miya. Dambun shinkafa da zogale, fate, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ai duk girkin ruwa da tururi ne. Abincinmu na gado ba shi ne matsalar ba. Cin soye-soye sau uku a rana ne sabon abu.

Anti Ungozoma: Hajiya, naman layya fa? Ai suyar minti biyar ba za ta kai mako ba.

Mai Koyar da Girki: Yawwa Anti, nan ne dole a yi hattara. Iyayenmu ba don daɗi kawai suke soya naman Sallah cikin kitsensa har ya bushe ƙarau ba, adana shi suke yi. Ruwan da ya rage a cikin nama shi ke ruɓar da shi. Don haka wanda aka yi wa gajeriyar suya na ci ne yau da gobe, ko na firiza in wuta tana tsayawa. Kada wata ta zuba shi a bokiti ta rufe ta tura ƙarƙashin gado, kwana uku zai yi yauƙi ya yi tsami, a kwashi gudawa da amai. In babu wuta, a yi suyar ajiya yadda aka saba, sai a rage yawan ci: yanka biyu ko uku a jefa a miya, maimakon a cika kwano ana taunawa tun safe. Sallah sau ɗaya ce a shekara, ba ita ke auna jiki ba.

Man suya kuma: a tace shi da kyalle mai tsabta bayan kowace suya, don ɓurɓushin da ya zauna a ƙasa shi ke ƙonewa ya ɓata sauran. Idan ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfar da ba ta kwanciya, ko yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya mutu. Ƙara sabo a kan matacce ba ya raya shi.

Ɗan Lab: Tunda an zo kan man suya, akwai sinadari na uku bayan AGEs da PAH: akrilamaid. Masana a Suwidin ne suka gano shi a abinci a 2002. Shi ba a nama ya fi yawa ba, a kayan sitaci ne idan zafi ya wuce digiri 120: soyayyen dankalin Turawa, biskit, burodin da aka gasa ya yi baƙi. Dafaffe ba ya yin sa. Dabarar rage shi: kada a ajiye ɗanyen dankali a firij, sanyi yana mayar da sitacinsa sukari, a jiƙa yankakken a ruwa minti 15 zuwa 30, a tsane sosai, mai kada ya wuce 175, a kwashe yana ruwan gwal. Wani bincike a ƙasashen Turai a 2012 kan uwa da jariri fiye da 1,000 ya ga jariran da akrilamaid ya fi yawa a jinin cibiyarsu sun ɗan fi ƙarancin nauyi. Shi ma tafiya tare ce aka gani, amma ga mai ciki rage cips ba asara ba ce.

Uwar Zaure: Wata ta turo ta gefe tana tambaya: kanwa fa? Ta ji Malam ya ce rashin tsami yana ƙara abin.

Malamin Kimiyyar Abinci: Tambaya mai kyau. Kanwa kishiyar tsami ce, kuma tana hanzarta wannan jan launin, shi ya sa waken da aka sa wa kanwa yake yin ja. Amma a tukunyar ruwa ne, zafi bai wuce 100 ba, don haka abin kaɗan ne. Inda ba a so shi ne a sa kanwa ko bakin soda don nama ya yi laushi sannan a kai shi mai ko garwashi. In laushi ake nema, a tafasa.

Kuma kada a manta da wanda jiki ke ƙerawa da kansa. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali goma sha biyu. Zoɓo da kunun aya na sayarwa wasu ba su gaza haka ba. Wadda ke shan biyu a rana ta bar tsiren mako-mako, ta kashe maciji ba ta sare kansa ba.

Anti Ungozoma: Ni abin da ke damuna shi ne waɗanda suka ce sun bar nama. 'Ya'yana, ƙarancin jini ya fi kusa da ku a kan AGEs. Mai neman ciki tana buƙatar nama, hanta kaɗan, kifi, ƙwai, wake, ganye, da ƙwayar folik asid maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga. Kuma kada tsoron ƙonewa ya sa a ci nama da jini-jini. Ɗanyen nama yana ɗauke da tsutsar ciki da ƙwayar toksoplasma da ke iya illata ɗan tayi. Kaza sai cikinta ya kai digiri 75, in babu ma'auni a tsaga wajen ƙashin cinya, ruwan ya fito fari ba ja ba.

Sannan a faɗi gaskiya: a ƙasashenmu babban abin da ke hana mace haihuwa, musamman wadda ta taɓa haihuwa ko ɓari sannan shiru, toshewar bututun ƙwai ne sakamakon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa daidai ba, ko ƙwayar cuta bayan haihuwa ko ɓari. Farfesu ba ya buɗe bututu.

Likitar Mata: Allah ya saka, Anti. Ga tsarin a taƙaice. Shekara ɗaya ana tare ba tsarin iyali ba ciki, a je asibiti. In ta kai 35, wata shida. In al'ada tana tsallake, kada a jira ko ɗaya. Maigida ne farkon gwaji, don nasa ya fi sauƙi da araha, kuma kusan rabin matsalolin da hannun ɓangaren namiji a ciki: gwajin maniyyi bayan ƙauracewa kwana 2 zuwa 7. Ita kuma hoton mahaifa, da hoton bututu na HSG bayan ɗaukewar al'ada kafin lokacin fitar ƙwai, da gwajin projestaron, sinadarin da ke nuna ko ƙwai ya fita, kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran al'ada, wato rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28. Masu zagayen kwana 35 in suka yi a rana ta 21 sakamakon zai fito ƙasa, a ce ba sa yin ƙwai alhali lokaci ne bai yi ba. A duba suga: HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Ga mai PCOS da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, misali kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa yana dawo da al'ada. In bai isa ba akwai letrozol, maganin da ke sa ƙwai ya fito, a hannun likita tare da bibiya, ba a kemis ba.

Uwar Zaure: Wata kuma: in an canza girkin, yaushe ake sa ran ganin bambanci?

Likitar Mata: Ƙwan da zai fito wannan watan ya ɗauki kusan wata uku a zangon ƙarshe na girmansa, don haka a ba shi wata uku. Abin lura shi ne kalanda: a rubuta ranar farko ta kowace al'ada. Tazarar kwana 21 zuwa 35 ita ce daidai. Amma gwaje-gwajen nan a fara su yanzu, tare da canjin, ba bayansa ba.

Sarkin Tukuba: Dakta, kilishi fa? Kada a tashi ba a yanke masa hukunci ba, mutanena suna saurare.

Malamin Kimiyyar Abinci: Sarki, kilishi ya haɗa komai: nama siriri, an busar a rana, an tsoma a tunkuza wadda gyaɗarta ta riga ta sha suya, wasu na ƙara sukari, sannan a kai wuta. Ta fuskar AGEs yana sama. Sauƙinsa shi ne gashin ƙarshe gajere ne, kuma tsadarsa ba ta barin a ci shi kullum. Mai yi ya rage sukarin cikin haɗin, ya jira harshen wuta ya kwanta sai garwashi, ya juya da sauri. Mai ci ya karya gefen da ya yi baƙi ya yar.

Mai Koyar da Girki: Har an turo mini tambayar ƙanzo. Mai ruwan zuma a jiƙa a ci, wanda ya yi baƙi yana ƙauri a ba kaji. In tuwo yana yawan kamawa, wutar ce ta yi yawa bayan an tuƙa: a janye itace, a bar shi ya sulala a kan garwashi minti goma.